Ƙwaƙwalwar da Aka Goge wa Suna

Auke Hiemstra ya mutu ranar Litinin, kwamfutar da ke kaɗa ƙararrawar coci ta bi shi tun ba a gama wanke kofunan masu gaisuwa ba. Mutanen ƙauye suka ce amana ce, ba ta iya zama bayan maigidanta. 'Yarsa Wietske da ta hau hasumiya ta kwance mata murfi, sai ta ga babu wata amana, gashin tattabara ne ya shaƙe fanka, ƙwaƙwalwar kwamfutar ta yi zafi ta ƙone.

Auke ne ya haɗa abin da hannunsa tun Wietske tana rarrafe. Ya ɗaura wa kowace ƙararrawa gudumarta, ya ja wayoyi zuwa wata farar kwamfuta da yanzu ta koma kalar haƙorin mashayin kofi, ya rubuta mata manhajar da ke gaya wa gudumomin lokacin bugu. Da ya gama sai ya yanke igiyar ƙararrawa ya ba 'yan wasan ja-in-ja, wai an wuce zamanin wahala. Tun daga nan duk wanda aka binne a garin, kwamfutar ce ke kaɗa masa waƙar rakiya, a hankali, daidai da takun masu ɗaukar akwati.

Jana'izarsa ranar Asabar ce.

"Mem, ko a kunna a lasifika?" in ji Wietske da ta sauko. "Ina da waƙar a wayata."

Uwarta ta ajiye wuƙar da take yanka burodi da ita. "Lasifika? Mai tallan kifi ne ubanki? Feike da ya saci keken fasto ma da ƙararrawa aka raka shi. Uban naki ba zai fita garin nan shiru kamar wanda ya gudu da matar wani ba."

Wietske a kantin magani take aiki. Abin da ta sani game da kwamfuta bai wuce a kashe a sake kunnawa ba. Dole ta kira 'yan ƙungiyar Laraba, tsofaffin da ke haɗuwa a bayan mashaya suna kwance kwamfutocin da duniya ta manta da su. Ƙungiyar kashi biyu ce tun fil'azal. Akwai 'yan shuɗi, akwai 'yan kore, kowa da kamfanin da yake rantsuwa da ƙwaƙwalwarsa, kamar masu goyon bayan ƙwallo. Teburinsu ma daban. Auke shi ne uban 'yan shuɗi, hularsa shuɗiya, kekensa shuɗi, har ya taɓa ƙin shiga motar asibiti na ɗan lokaci don bargon cikinta kore ne.

Akwai kamfani na uku, amma ba a ambatonsa sai wurin zagi. Ya daɗe da rushewa. A zamaninsa ƙwaƙwalwarsa rabin kuɗi ce, ga zafi kamar garwashi. Auke ne ya raɗa mata suna kasko, bayan ya soya ƙwai a kan wata a gaban kowa. Daga ranar, in kana son tsoho ya tashi tsaye da kujera a hannu, ka ce masa mai kasko.

Mutum biyu suka amsa kiran. Tjibbe, tsohon mai duba mitar ruwa, wanda yanzu shugabancin shuɗi ya faɗo kansa, da Gurbe na 'yan kore, da ya yi rayuwarsa yana sayar da cuku. Ba 'yan'uwan ubanta ba ne, amma Omke, wato baffa, take ce musu tun tana ƙarama. Suka hau matakalar hasumiya suna haki, kowa na ƙoƙarin kada ɗayan ya ji hakinsa.

"Me ya kawo ka?" in ji Tjibbe. "Gawar tamu ce."

"Na zo ganin yadda shuɗi ke mutuwa," in ji Gurbe. "Ban taɓa gajiya da kallo ba."

"Omke, don Allah," in ji Wietske. "Ba za a saka sabuwar kwamfuta kawai ba?"

Nan ne kaɗai suka haɗa baki. Katin da ke tura gudumomin ba ya shiga kowace kwamfuta sai irin wannan. Allon cikinta kuwa na zamanin da ake cin tuwo a kwano ɗaya ne, raminsa yana karɓar ƙwaƙwalwar kowane kamfani. Abin da ake bukata kawai a cire wadda ta ƙone, a karanta sunanta da lambarta a samanta, a nemo irinta.

Tjibbe ya ɓalle ƙarfen sanyayawa mai haƙora, ya ɗaga ɗan hannun ramin, ya zaro ƙwaƙwalwar. Ba ta fi biskit ba, ƙasanta cike da ƙananan allurai. Ya goge farin man da ke samanta da hankici, ya kai ta bakin taga, ya gyara tabarau. Ya ƙura mata ido.

"Karanta mana," in ji Gurbe. "Ko makarantar ma shuɗiya ka yi?"

Babu abin karantawa. Saman ƙwaƙwalwar sumul yake kamar madubi, Tjibbe hancinsa kawai yake gani a ciki. Ya juya ƙasanta, nan ma an bi ɗan wurin rubutun an kankare.

"Samfefa," in ji Tjibbe, murya ƙasa-ƙasa kamar mai addu'a. "Ya goge ta da samfefa, ta kwanta daidai da ƙarfen, ta riƙa shan sanyi. Aikin gwanaye ne. Allah ya jiƙan maza."

"Har da ƙasa?" in ji Gurbe. "Ƙasan ma sanyi yake sha?"

"Mutum mai tsafta ne."

Suka gwada ƙirga alluran. Tjibbe ya kai tsakiya, Gurbe ya yi atishawa, aka koma farko. Gurbe ya ƙirga nasa ya samu abin da bai yi daidai da na Tjibbe ba. Suka auna ta a tafin hannu, Gurbe ya ce nauyin kore ne, shi da ya shekara arba'in yana awon cuku ba za a gaya masa nauyi ba. Tjibbe ya shinshina ta ya ce ƙaurin shuɗi ne. Wietske ta zauna a kan wani katako tana kallon kashin tattabara, tana tunanin ubanta kwance a ɗakin sanyi, hankalinsa kwance.

"Magana ta ƙare," in ji Tjibbe. "Auke Hiemstra ne. Ko mahaukaci ya san abin da zai saka." Ya zaro wata daga aljihun kwat, naɗe a takarda, shuɗiya ta shekarun nan. Ya dasa ta, ya gyara 'yan hulunan roba da ke kan allon masu saita gudunta, ya kunna. Fanka ta juya, rubutu ya fito a fuskar kwamfutar. Ya kalli Gurbe ta saman tabarau, ya danna waƙar rakiya.

Abin da ya fito daga hasumiyar ba wanda zai manta da shi. Waƙar ce, amma da gudu, kamar an sa mata barkono. Gudumomin suka hau dukan ƙararrawa babu numfashi, tattabaru suka watse, karnukan gari suka ɗauka. Wietske ta leƙa ta taga ta ga yaran makaranta a fili sun kama rawa, wata tsohuwa ta fito da bokitin ruwa tana neman inda gobara take.

Da abin ya lafa, Gurbe ya share hawayen dariya. "Da wannan za a raka shi? To a gaya wa masu ɗaukar akwati su zo da takalman gudu."

Sai a sannan suka gane mugun aikin da Auke ya yi. Manhajar tasa ba ta duba agogo. Bugun zuciyar ƙwaƙwalwar take ƙirgawa, in ya kai adadin da ya sa mata sai ta saki guduma. Ƙwaƙwalwa mai sauri, waƙa mai sauri. Ba ma kamfanin kaɗai ake nema ba, sai ita ɗin, da lambarta.

Gurbe ya ce a matsa masa. Shi ma ashe da tasa ya zo. Kore ta fara kamar abin arziki, bugu uku na farko suka faɗo daidai. Daga nan ta hau tuntuɓe, ta yi sauri ta tsaya, ta haɗa biyu wuri ɗaya, kamar mashayi yana sauka daga bene. Suka canja hulunan roba, suka rage mata gudu, ta koma mashayin da ya gaji. Wayar Wietske ta yi ƙara. Fasto ce, tana tambaya cikin ladabi ko akwai wanda ya maƙale a sama yana neman taimako.

Washegari da hantsi suka sake hawa, kowa da jaka cike. Aka gwada shuɗi ƙanana da manya, aka gwada kore. Mutanen gari suka daina fitowa, suka rufe tagogi. Mai gidan burodi ya aiko a ce in an samu wadda ta yi ta biyu jiya, yana so a bikin 'yarsa.

Sanyi ya cika hasumiyar. Tsofaffin suka koma faɗa a kan matacciyar ƙwaƙwalwar, wannan ya fizge, wancan ya fizge, har Wietske ta miƙa hannu ta karɓe kamar yadda ake raba yara da abin wasa. Ta buɗe fulas da ɗaya hannun ta zuba kofi a murfinsa. Tururi ya taso ya bugi ƙarfen mai sanyi, ya yi masa hazo.

A cikin hazon sai rubutu ya fito.

Ba sosai ba, kamar sawun ƙafa a jiƙaƙƙen yashi. Samfefa ta cinye fenti, amma inda injin kamfani ya ƙona harufan bai gama gogewa ba. Ta ga lamba, ɗari da hamsin. A samanta ta ga ɗan kifi mai lanƙwasasshen wutsiya. Ta san kifin nan, tambarin kamfanin kasko ne. Hotonsa na manne a bayan ƙofar mashaya, shi 'yan Laraba ke jifa da kibiyoyi.

Hazon ya bushe. Ta sake kai ƙarfen bakin kofi, ko idonta ne. Kifin ya dawo.

Tsofaffin na can suna musu a kan wanda ya taka wa wani jaka. Ba wanda ya gani. Babban yatsanta na kusa, shafa ɗaya ya isa. Ta tuna tana 'yar shekara biyar ubanta ya koya mata ta ce wa ɗan maƙwabta mai kasko, ya saya mata alewa da yaron ya yi kuka. Mutumin da ya yi shekara talatin yana shiga mashaya ƙirji gaba, ga shi za a tone shi a makon da ba ya iya ramawa. In ta yi shiru, za a binne shi da shuɗiyar hularsa da mutuncinsa, a fita da shi ba ko ƙyas. Ta hango uwarta a bayan akwati, tana tafiya tana jiran ƙarar da ba za ta zo ba.

"Omke," ta ce. Ba su ji ba. "Omke Tjibbe. Kasko ce."

Tsofaffin suka juyo.

"Ke 'yar nan, ubanki ko rufe shi ba a yi ba," in ji Tjibbe. "Ki iya bakinki."

Ta miƙa masa kofin da ƙarfen. Ya riƙe shi a kan tururi, ya kai ido kusa. Ya daɗe a haka. Gurbe ya leƙo ta kafaɗarsa. Wietske ta jira Gurbe ya fashe da dariya, don an ba shi abin da zai ci har ƙarshen ransa. Bai yi ba. Kunnuwansa ne suka yi ja.

"Wadda ya soya ƙwai a kanta," in ji Tjibbe a hankali. "Ba wanda ya tambaye shi inda ya kai ta bayan nan."

"A coci," in ji Gurbe. "A ɗakin Allah. Kai, Auke."

"To yanzu wa ke da irinta?" in ji Wietske.

Tjibbe ya duba rufi. Gurbe ya sunkuya yana ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

"Wa zai ajiye wannan ƙazanta a gidansa?" in ji Tjibbe.

"Ni ko a shara na gani tsallakewa nake," in ji Gurbe.

Ta duba a waya. Akwai guda ɗaya a wata ƙasa mai nisa, ba za ta iso ba sai an ci kek ɗin jana'iza an manta. Ta koma gida ta gaya wa uwarta komai, tana tsoron yadda za ta ɗauka. Mem ko gira ba ta ɗaga ba.

"Rabin kuɗi, ko?" ta ce. "Mutumin da ke shanya ganyen shayi ya sake dafawa. Ai da shuɗin ya saya da na yi mamaki."

Ranar Juma'a da safe Wietske na wanke-wanke ta hango mutum yana raɓowa ta bayan lambu, ya tura keke cikin shinge. Tjibbe ne, ya ja hula har gira. Ta buɗe ƙofar baya. Ya zaro wata tsohuwar safa daga ƙirjinsa.

"Ta surukina ce," ya ce. "Ya mutu. Ban san ma tana gidan ba."

Bai rufe baki ba sai ga Gurbe ya ɓullo ta gefen rumfar kekuna, riƙe da gwangwanin taba. Suka tsaya suna kallon juna, safa na kallon gwangwani.

"Tsinta na yi," in ji Gurbe.

"A shara? Ba ka tsallake ba?"

"Kai fa? Surukin naka da bai taɓa mallakar ko rediyo ba?"

"Ku shigo kuna sako min sanyi," in ji Mem daga ciki. "Masu kasko."

A cikin safa kasko guda biyu ne. A cikin gwangwani guda huɗu, jere a kan auduga kamar ƙwai. Ɗaya daga na Gurbe ce ɗari da hamsin, kifinta na sheƙi.

Suka hau da ita. Waƙar ta fito daidai, a hankali, kowane bugu na jiran na gabansa ya mutu kafin ya faɗo. Wietske ta juya musu baya tana kallon taga. Sai a tsakiyar baiti na biyu komai ya tsaya cak. Gurbe ya taɓa ƙarfen sanyayawa ya janye yatsa yana yarfewa.

"Kasko dai kasko ce," in ji Tjibbe. Ya cire ta ya ɗora bakin reza a samanta, haske ya ratsa ta ƙarƙashi. Saman a lotse yake, ba ya haɗuwa da ƙarfen. "Ashe ba kunya kaɗai ta sa shi gugar ba."

"Kunyar ce ta kai shi ƙasan," in ji Gurbe.

Gugar tana son gilashi mai kwance sosai a ƙarƙashin samfefa. Suka koma kicin ɗin Mem suna neman wanda za a yi da shi.

"Wancan karon gilashin hoton aurenmu Auke ya cire," in ji Mem. "Har yau ƙuda ke mana kashi a fuska." Ta shiga falo ta ɗauko babban hoton Auke da aka shirya ɗorawa a kan akwati, ta ɓalle bayansa, ta zare gilashin ta shimfiɗa a tebur. "Ga shi. Shi ma ya ɗanɗana."

Aka jiƙa samfefa, aka kifa ƙwaƙwalwar a kai. Tjibbe ya fara, yana zagayawa da ita a hankali, ruwan na komawa toka-toka. Da hannunsa ya gaji Gurbe ya karɓa. Suka canja zuwa samfefa mai laushi, suka ci gaba. Mem ta ba kowa kofi da biskit ɗaya ta rufe gwangwani. Can Wietske ta ɗora reza ta duba, babu haske ko kaɗan.

"Ta yi, Omke."

"Ba ta yi ba," in ji Gurbe, bai ɗago ba.

"Ta kwanta fa. Duba."

"Ke kin san magani, mu mun san wannan," in ji Tjibbe. "Ba ni nan, kai mai cuku, hannunka ya mutu."

Suka yi ta guga har rana ta karkata. Lokaci-lokaci Tjibbe zai ɗaga ta ya huro mata numfashi, su haɗa kai su duba, su mayar. Sai da ya hura ya sake hurawa, ya riƙe ta a bakin butar shayi, ba kifi ba lamba, sannan suka yarda ta kwanta. Gurbe ya juya ƙasanta ya bi ɗan wurin rubutun da guntun samfefa, wai don tsafta.

Ranar Asabar aka fito da Auke daga coci. Tjibbe na riƙe da hannun akwati na dama a gaba, Gurbe na hagu, farcensu duka baƙi ƙirin, sabulu ya kasa. Fasto ta riga ta faɗa a wa'azinta cewa marigayi mutum ne da cikinsa da wajensa ɗaya, tari ya sarƙe Gurbe sai da aka ba shi ruwa.

Ƙafarsu na taka bakin ƙofa ƙararrawa ta farko ta faɗo. Wietske ta riƙe hannun uwarta, rabin hankalinta na kan akwati, rabi na can sama inda kasko ke ɗaukar zafi. Baiti na farko ya wuce. Aka shiga na biyu, aka zo inda ta tsaya jiya, ta ji Mem ta matse mata yatsu. Guduma ta faɗo. Wata ta biyo ta.

A bakin maƙabarta wani tsoho ɗan Laraba, da kurumta ta hana shi sanin ƙarfin muryarsa, ya matso kusa da masu ɗaukar akwati.

"Wai wacce kuka saka mata ne a ƙarshe?"

"Shuɗi," in ji Tjibbe.

"Kore," in ji Gurbe, a lokaci guda.

Akwatin ya ɗan karkata, na baya suka tallabe.

"Ku kalli gabanku," in ji Mem. "In kuka yar da shi, ku za ku shiga ramin."

Suka gyara riƙo. Waƙar ta ci gaba a bayansu har aka sauke shi ƙasa, ta ƙare a inda aka saba ta ƙare.